Yadda Ake Zaɓen Babur Don Doguwar Tafiya Daga Sakkwato

Mutumin da ke hawan babur daga Mabera zuwa babbar kasuwa kullum, ya dawo gida da azahar, ya sake fita da la'asar, yana iya shafe shekara biyar a kan mashin ɗinsa bai san aibinsa ba, domin tafiyar minti goma sha biyar ba ta tona asirin inji, ba ta kuma tona asirin sirdi. Sai ranar da ya ɗaura jaka ya nufi Yawuri ko Kano ne zai fara jin abin da bai taɓa ji ba: tafin hannu ya mutu saboda karkarwar kan babur, ƙugu ya riƙe, inji ya ɗauki zafi har ƙarfinsa ya ragu, mai kuma ya ƙare a inda babu gidan mai sai mai sayarwa a kwalba. Na daɗe ina bin waɗannan hanyoyi a kan ƙafa biyu, kuma abin da ya fi damuna shi ne ganin matasa suna zuba kuɗin da suka yi shekaru suna tarawa a kan babur saboda kyan fenti ko ƙarar salansa. Shawarata a taƙaice ita ce, a zaɓi babur ɗin da zai kai mutum masauki kafin magariba, wanda kuma za a iya gyara shi a duk garin da ya tsaya.

Kafin a shiga shagon dillali, wajibi ne mai saye ya zauna ya rubuta tafiye-tafiyen da yake nufin yi a zahiri, ba waɗanda yake mafarkin yi ba. Daga Sakkwato manyan hanyoyi uku ne suka fi ɗaukar matafiya. Akwai ta arewa wadda ta bi ta Kware da Gwadabawa zuwa Illela, kimanin kilomita 85, da Birnin Ƙwanni a tsallaken iyaka. Akwai ta kudu wadda ta ratsa Bodinga da Tambuwal da Jega da Koko har Yawuri, wajen kilomita 300, ta zarce Kwantagora. Sai ta gabas wadda ta fita ta Kwannawa da Dange, ta bi Tureta da Talata Mafara zuwa Gusau, kimanin kilomita 210, daga nan Tsafe da Funtuwa, kuma duk wanda Kano ce manufarsa sai ya ci fiye da kilomita 500. Waɗannan duk kwalta ce, ko da yake akwai ramuka da wuraren da gefen titi ya zaizaye. Amma da yawa daga cikinmu ba a bakin kwalta tafiyarmu take ƙarewa ba. Malamin makaranta, da ma'aikacin lafiya, da mai sayen albasa ko hatsi, da mai zuwa gaida iyaye, kowannensu yakan sauka daga titi ya yi kilomita goma ko ashirin a burji da rairayi, kuma wannan ɗan guntun na ƙarshe shi ne yake yanke hukunci a kan irin taya da nauyin babur ɗin da ya dace.

Abu na biyu da za a lissafa shi ne hasken rana. A ƙasashen da aka fi rubuta labarin yawon babur, matafiyi yana iya ƙara sa'a biyu bayan faɗuwar rana idan lissafinsa ya kuskure. Mu a nan ba mu da wannan damar, saboda matsalar 'yan bindiga a Zamfara da gabashin Sakkwato ta mayar da tafiyar dare ganganci, kuma ko da rana ma akwai hanyoyin da sai an tambayi direbobin tasha halin da ake ciki kafin a hau su. Idan mutum ya tashi bayan sallar asuba, yana da sa'a goma sha ɗaya zuwa sha biyu, a cikinsu kuma zai tsaya salla, da cin abinci, da shan mai, da shingayen bincike, da hutar da inji. Babur ɗin da ke tafiya cikin natsuwa a gudun kilomita 60 a sa'a, idan aka cire waɗannan tsaye-tsaye, matsakaicin gudunsa ba zai wuce 45 ba, ma'ana kilomita 500 za su cinye masa yinin gaba ɗaya ba tare da rarar ko minti talatin na faci ba. Wanda ke riƙe 80 ba tare da wahala ba zai isa da sauran rana. Wannan lissafi ne yake nuna girman injin da ake buƙata, ba sha'awar tsere ba.

A kan haka, babura masu inji sisi (cc, ma'aunin girman inji) 100 zuwa 110, irin su ƙaramar Boxer ta kamfanin Bajaj da 'yan kabu-kabu suka fi hawa, da ƙananan da muke kira roba-roba, sun dace da tafiyar da ba ta wuce Illela ko Argungu ko Birnin Kebbi ba. Suna da juriya, ba su shan mai, amma idan aka matsa musu sa'o'i a jere a ƙarshen ƙarfinsu, inji yana gajiya da wuri, kuma ba su da rarar ƙarfin da za a wuce tirela da shi cikin gaggawa. Roba-roba kuwa ƙaramin tankinsa kaɗai ya isa ya fitar da shi daga lissafin doguwar tafiya. Rukunin da nake ganin ya fi dacewa da mafi yawan mutanenmu shi ne na sisi 125 zuwa 150: Boxer 150, da HLX 125 da 150 na kamfanin TVS, da Ace 125 na Honda wanda ake haɗawa a Ota ta Jihar Ogun, da ire-iren Haojue masu wannan girma. Idan aka sami samfuri biyu da suka yi kusa a farashi, ɗaya mai giya huɗu ɗaya mai biyar, a ɗauki mai biyar, domin giya ta biyar tana sa inji ya rage juyawa a kan miƙaƙƙen titi, karkarwa ta ragu, zafi ya ragu, mai ma ya ɗan ragu. Wanda rabin tafiyarsa a daji take ya duba masu dogayen ƙafafu irin su Honda XR150L ko Yamaha XTZ125, waɗanda ƙungiyoyin agaji da ma'aikatan gona suke yawan amfani da irinsu, sai dai sun fi tsada kuma kayansu ba su kai na farkon yawa ba. Tsofaffin masu hayaƙi irin Jincheng, waɗanda ake zuba wa man tu-ti, sun yi wa ƙasar nan hidima, amma ba na ba da shawarar a saye su don wannan aiki, saboda shan mansu ya fi yawa kuma ba sa son a riƙe su a gudu ɗaya na tsawon lokaci cikin zafi.

Sai manyan babura, waɗanda su ne ke ɗauke hankalin matasa a bidiyon intanet. Ba na raina su ko kaɗan. Yamaha Ténéré 700, wanda aka raɗa wa sunan saharar Tenere da ke Jamhuriyar Nijar, nauyinsa ya ɗan haura kilo 200 kuma tankinsa lita 16 ne. BMW R 1250 GS Adventure yana ɗaukar lita 30, nauyinsa kuma kilo 268. A shekarar 2022 Kunle Adeyanju ya taso daga Landan zuwa Legas cikin kwana 41 domin yaƙi da cutar shan inna, kuma Honda CB500X ya hau, wanda a cikin manyan babura matsakaici ne. Irin waɗannan injuna suna cinye kilomita 500 ba tare da mahayi ya galabaita ba, birkinsu ya fi kama ƙasa, iska ba ta kaɗa su idan babbar mota ta wuce. Amma kowace fa'ida a cikinsu tana tafe da sharaɗi. Babur mai kilo 250 idan ya kwanta a rairayi da kaya a kansa, mutum ɗaya ba ya ɗaga shi sai da dabara da ƙarfi, alhali mai sisi 150 nauyinsa bai wuce rabin haka da yawa ba. Tayarsa ba a samunta a kowace kasuwa. Yana kuma jawo ido a inda matafiyi ya fi buƙatar ya wuce ba a lura da shi ba.

Na ga sharaɗi mafi nauyi da idona a wata tafiya da muka yi mu biyu zuwa Yawuri. Abokina yana kan wani babban babur da aka shigo da shi na hannu daga Turai, ni kuma ina kan mai sisi 150, kuma tun daga Bodinga yake barina a baya yana jirana a gari na gaba. Mun wuce Jega da kamar rabin sa'a sai na tarar da shi a gefen titi ya cire hular kwano, yana danna maɓallin tayarwa, injin yana juyawa amma ba ya kamawa. Muka tura shi zuwa wani ƙauye inda bakanike yake aiki a gindin dogon yaro, da tabarma shimfiɗe, da tsohuwar roba cike da notuna, da yaro yana wanke kafireta a cikin gwangwanin fetur. Bakaniken ya kwance sirdi, ya kara kunnensa a jikin tanki, ya ce a murɗa makulli. Bai ji komai ba. Ya miƙe ya goge hannunsa ya ce, “Alhaji, famfon mai ne ya mutu, kuma wanga mashin kayanai ba su nan, ko Birnin Kebbi ba ka samu.” Gaskiya ya faɗa. Sai da muka nemi motar ɗaukar kaya ta mayar da babur ɗin Sakkwato, ya yi makonni a ajiye kafin a aiko da kayan daga Legas. A ranar kuwa, a gaban idonmu, bakaniken nan ya sauya wa wani ɗan kabu-kabu wayar kuloci da ta tsinke cikin minti goma, daga cikin waɗanda ya rataye a reshen bishiya.

Saboda haka akwai gwajin da nake so kowane mai saye ya yi kafin ya biya ko kwabo, kuma ba ya cin komai sai yini ɗaya. Ya rubuta sunan samfurin da yake so, ya je wurin masu kayan gyara a cikin gari ya tambayi abubuwa shida: wayar kuloci, da fulogi, da sarƙa tare da haƙoran da take hawa, da takalmin birki, da fistin da ringinsa, da tub na gaba da na baya. Idan sun ce sai an aiko, magana ta ƙare. Idan akwai, kada ya tsaya nan, domin Sakkwato babban birni ne. Ya sa wani ɗan'uwa ya yi masa irin wannan tambaya a Tambuwal ko Gwadabawa ko Talata Mafara, wato a garin da ya fi kama da inda babur zai iya tsaya masa. Ya kuma zauna da 'yan kabu-kabu biyu ko uku a inda suke jiran fasinja, ya tambaye su abin da yake fara lalacewa a wannan samfuri da kuma bayan wata nawa, domin mutumin da ke yini a kan babur yana ciyar da iyalinsa da shi ya fi dillali sanin gaskiyarsa, kuma ba shi da ribar da zai ci idan ya ɓoye. Wani abin lura shi ne, injuna da yawa na ƙasar Sin an kwaikwayo su ne daga Honda CG125, wanda aka fara ƙerawa a 1975 musamman don ƙasashen da ba a cika kula da inji a kan kari ba, shi ya sa kayansu suke shiga juna, kusan kowane bakanike kuma ya san cikinsu.

Wannan ya kai mu ga bambancin kafireta da injekta. Injekta tana auna mai daidai, tana tashi da sauƙi a sanyin hunturu, tana kuma rage shan mai, amma ta dogara da famfo da batir da ƙaramar kwamfuta, kuma gurɓataccen mai yana toshe ta. Matafiyi a yankinmu ba zai iya rantsuwa cewa ba zai taɓa sayen mai a wurin 'yan bumburutu ba, kuma man kwalba wani lokaci yana zuwa da ruwa ko ƙasa a ƙasansa. Kafireta idan ta sha irin wannan mai, a kwance ta a wanke a mayar, cikin rabin sa'a an kama hanya. Don haka ga mai shiga ƙauyuka kafireta nake zaɓa, ga wanda ba ya barin manyan garuruwa kuwa injekta ba ta da laifi. Haka nan kada a sayi babur ɗin da ba shi da kik, wato abin tayarwa da ƙafa, domin batir yana mutuwa ba sallama, musamman a zafin bazara.

Zafin nan kansa abin lissafi ne. Daga Maris zuwa Mayu ma'aunin zafi a Sakkwato yana haura digiri 40 a ranaku da yawa, kwalta kuma ta fi haka. Injin da iska ke sanyaya shi ba shi da lagireto da zai yi yoyo, ba shi da fanka da za ta ƙone, kuma muddin babur yana tafiya iska tana ratsa haƙarƙarinsa, lafiya lau yake. Abin da yake kashe shi shi ne ƙarancin baƙin mai da kuma matsa masa a ƙarshen totur ba hutawa. Injin da ruwa ke sanyaya shi ya fi riƙe ƙarfinsa a tsakar rana, sai dai dutse ɗaya da tayar babbar mota ta harbo ya isa ya huda lagireto. A ƙananan babura na iska nake ba da shawara, tare da al'adar tsayawa minti goma a inuwa bayan kowace sa'a ɗaya da rabi, wanda mahayin ma yana buƙatarsa don ya sha ruwa.

Ƙura kuwa ba a cika tuna ta ba a lokacin saye. Duk wanda ya taɓa buɗe akwatin matatar iska bayan tafiyar yini ɗaya cikin hunturu ya ga yadda soson yake komawa ja kamar an tsoma shi a kunun kanwa, kuma duk ƙurar da ta kuɓuce masa cikin inji take shiga tana cin ringi. A shago, a ce wa dillali ya nuna inda matatar take. Idan ta soso ce wadda ake wankewa a shafa mata mai a mayar, kuma ana kaiwa gare ta da kwance noti biyu ko uku, wannan babur ya san ƙasarmu. Idan ta takarda ce wadda sai dai a jefar a sa sabuwa, to a sayi ta ajiya tun ranar, a kuma tabbatar ana samunta.

Game da tanki, kada a dogara da abin da aka rubuta a takardar talla, domin ba a auna shi da jaka da fasinja da iskar gabas tana bugun ƙirji ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, kowace lita ta zama abin lissafi, kuma hanyar sanin gaskiya ɗaya ce. A cika tanki har baki, a rubuta lambar da ke kan mita, a ɗaura kaya irin na tafiya, a je Argungu a dawo, wato wajen kilomita 200, a sake cikawa a gidan man da aka fara, sai a raba kilomitocin da aka yi da litocin da suka shiga. Idan, alal misali, lita biyar da rabi ta shiga, to babur yana yin kusan kilomita 36 a lita, tanki mai lita 11 irin na Boxer 150 kuma zai kai kusan 400 a lissafi. Amma matafiyi mai hankali kashi biyu cikin uku kawai yake ƙidayawa a matsayin nasa, sauran na ranar da zai tarar da gidan mai a rufe ne. Wanda bai riga ya saya ba yana iya yin wannan gwaji da babur ɗin aboki mai irin samfurin. A ganina duk babur ɗin da ba zai kai Gusau daga Sakkwato da tanki ɗaya da rara mai kyau ba, bai cancanci a kira shi na doguwar tafiya ba. Ɗaukar mai a jarka ba mafita ba ce, saboda haɗarin gobara, da kuma yadda jami'an tsaro suke kallon mai babur da jarka a wannan yanki.

Ƙafafun babur suna da nasu hukuncin. Wili mai sifok yana lanƙwasa kaɗan idan ya faɗa rami, bakanike ya ɗaure shi ya miƙe, amma yawanci da tub yake aiki, kuma tub idan ƙusa ta shige shi iska tana fita gaba ɗaya nan take, abin da ke iya kayar da mutum idan tayar gaba ce. Wili na zubi yana karɓar taya marar tub, wadda iskarta ke fita a hankali kuma ake toshe ta ba tare da an kwance ƙafa ba, sai dai idan rami ya fasa wilin ba ya gyaruwa a ƙauye. Mai bin kwalta zalla ya ɗauki na zubi da taya marar tub, ya sayi allurar toshewa da ƙaramin famfo. Mai shiga burji da gargada ya ɗauki mai sifok, ya riƙe tub na ajiya, domin mai faci ba ya wuya a ko'ina. Girman ƙafar gaba ma yana da tasiri: inci 17 ko 18 ya wadatar a titi, amma inci 19 ko 21 ya fi haye rami da ratsa rairayi ba tare da kan babur ya fizge ba. A duba shekarun taya ko da sabuwa ce, akwai lamba huɗu a gefenta, biyun farko mako ne biyun ƙarshe shekara, wato 2321 na nufin mako na 23 na shekarar 2021. Tayar da ta daɗe a shago tana bushewa, zafin kwaltarmu kuma ba ya yi mata sassauci.

Daga nan sai jikin mahayi, wanda shi ne ake mantawa alhali shi ne yake fara gajiya. A hau babur a shago a zauna minti goma cur, ba minti ɗaya ba. Tafin ƙafa biyu su taɓa ƙasa, ko aƙalla ɗaya ta zauna daram. Baya ya miƙe, hannu ya kai ga kan babur da ɗan lanƙwasa a gwiwar hannu, gwiwar ƙafa kuma kada ta naɗe sosai. Baburan da aka ƙera da siffar tsere, waɗanda ake kwanciya a kan tanki, suna da kyan gani a titin cikin gari, amma bayan sa'a biyu wuya da wuyan hannu ne suke biyan kuɗin. Dogon sirdi shimfiɗaɗɗe irin na baburan kabu-kabu ya fi, domin mutum yana iya matsawa gaba ko baya ya sauya zama, kuma sirdi mai laushi sosai yaudara ne, yana nutsewa har ƙashi ya sami ƙarfe. Idan za a riƙa ɗaukar iyali, a zo da wanda zai zauna a baya shi ma ya gwada. A duba kariya, wato wurin ɗaura kaya, a ga ko a jikin ƙashin babur aka ɗaure ta, a duba shokazoba na baya a ga ko ana iya ƙara musu tauri, sannan a karanta iyakar nauyin da littafin babur ya yarda a ɗora, a haɗa nauyin mahayi da fasinja da kaya a gani. Babur ɗin da aka yi wa lodi fiye da ƙima gabansa yana yin sauƙi, birkinsa kuma yana ƙara nisa.

Birkin gaba na faranti ya fi na ganga kamawa, kuma a hanyar da awaki da shanu da jakuna suke tsallakawa ba sanarwa, na fi son a biya ƙarin kuɗinsa. Fitila kuma a gwada ta da dare kafin tafiya, ko da ba a nufin tafiyar dare, domin hazon hunturu da hadarin damina suna duhunta rana.

Wanda kuɗinsa bai kai sabo ba yana iya samun na hannu mai kyau, amma ya tafi da bakanikensa, ba na mai sayarwa ba, kuma su je da sassafe su tarar da inji da sanyi, domin injin da aka riga aka ɗumama yana ɓoye ciwonsa. A taɓa shi da hannu a tabbatar, sannan a tayar. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi daga salansa alama ce ta inji yana ƙona baƙin mai. A zaro ma'aunin mai a duba launinsa, a ɗaga ƙafar gaba a juya kan babur hagu da dama a ji ko yana sarƙewa a tsakiya, a tsaya a bayansa a hango ko ƙafar gaba da ta baya suna kan layi ɗaya, a leƙa ƙarƙashin tanki a nemi tabon walda, domin ƙashin da ya taɓa karyewa ba abin dogaro ba ne a gudun 80. Haƙoran sarƙa idan sun yi tsini sun lanƙwashe kamar ƙaya, a cire kuɗin sababbi daga farashi. Mita ba shaida ba ce, ana mayar da ita baya, amma robar da ake taka ƙafa da ta hannu ba sa ƙarya game da yawan aikin da babur ya yi. A kowane hali a ware wani kaso na kuɗin don hular kwano ta gaske, da safar hannu, da takalmi mai rufe idon sawu, da sababbin tayoyi idan ana buƙata, ko da hakan zai sa a sauko zuwa samfuri mai rahusa.

Takardu a wannan yanki ba ƙaramin abu ba ne, kuma suna cikin zaɓen babur tun daga farko. A 2021 gwamnatocin Sakkwato da Zamfara da Katsina sun kafa dokoki masu tsauri a kan zirga-zirgar babura da sayar da mai a jarka saboda matsalar tsaro, kuma irin waɗannan dokoki suna sauyawa daga jiha zuwa jiha da lokaci zuwa lokaci, saboda haka a tambayi halin da ake ciki a kowace jihar da za a ratsa. Akwai kuma samfuran da 'yan bindiga suka fi so, har suna neman a kai musu su a cikin kuɗin fansa, wanda ya sa mai irinsu yake shan tambayoyi a shingen bincike. Kada a sayi babur, sabo ko na hannu, sai an ga lambar inji da lambar jiki da ido, an gwada su da abin da ke rubuce a rasit harafi bayan harafi. Na hannu kuma a rubuta yarjejeniyar ciniki da shaidu, a karɓi rasit na asali. A yi masa rajista a sa lamba, a yi inshora, a mallaki lasisin tuƙi na rukunin A wanda shi ne na babur, a ɗauki hoton takardun duka a waya, a kuma sa na asali a leda saboda ruwa da gumi. Mai nufin tsallakawa Ƙwanni ya je Illela ya tambayi abin da ake nema kafin ranar tafiya, domin ƙa'idojin iyakar sun sha sauyawa tun bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023.

Idan an saya, kada a fita da shi doguwar tafiya a makon farko. Sabon inji yana buƙatar a lallaɓa shi kilomita 500 zuwa 1,000 na farko gwargwadon abin da littafinsa ya ce, ana sauya gudu ba a riƙe totur wuri ɗaya ba, sannan a juye baƙin man farko wanda yake fitowa da ɓurɓushin ƙarfe. Bayan haka a sa bakanike ya bi notuna da sifok ya ɗaure, ya daidaita sarƙa ta yadda za ta yi wasan da bai wuce faɗin yatsa biyu ba. Sai a yi tafiyar gwaji da cikakken kaya zuwa Birnin Kebbi, kimanin kilomita 150, a kwana a dawo washegari, ana lura da inda jiki ya fara ciwo, da abin da ya kwance, da yawan man da aka sha, da sa'o'in da tafiyar ta ci tun daga ƙofar gida har masauki. Da waɗannan alƙaluma ne za a tsara tafiyar Yawuri ko Kano, a san garin da za a sha mai, da garin da za a yi azahar, da garin da za a kwana idan la'asar ta yi ba a kai rabin abin da aka yi niyya ba.